Kujerar da na yi wa surukina

A bangon shagona, sama da keken ɗinki, akwai wani guntun katako da na rataye da waya. Tsawonsa kamu ɗaya, kaurinsa yatsa uku, gefe guda ya lotsa kamar an take shi da ƙarfe. An take shi ɗin ne kuwa. Samarin da ke zuwa jiran a gyara musu kujerar babur sukan tambaye ni ko wani asiri ne na jawo kasuwa. Nakan ce a'a, aikina ne. Sai su yi dariya, don a ganinsu sana'ar tafisiye, wato mu masu gyaran kujerun mota, ba ta da wani labari: ka yanka soso, ka shafa kwal, wato gam, ka lulluɓe da fata, ka ɗinke. Saboda su nake ba da labarin katakon nan.

Na zo Arlit daga Damagaram ina saurayi, a saman motar gero, na kama koyon aiki wajen Maigida Illa, mutumin Tawa. Shekarata ta farko bai bar ni na yanka komai ba. Ware tsohon ɗinki nake yi, ina wasa wuƙa. Wuƙarmu doguwa ce, daga karyayyen zarto ake yin ta, kuma in ba ta yi kaifi ba yage soso take yi, ba yanka ba. Banda ita sai almakashi, basilla, zare mai kauri, alli da mitir na awo. Kayan aikin ke nan, jaka ɗaya ta isa ta ɗauke su.

Aikin da ya fara buɗe mini ido na wani direban motar ruwa ne, da ya zo yana dafe da baya. Ya ce a ƙara masa soso a majingina, bayansa zai kashe shi. Na ɗauko soso da gudu. Maigida ya ce in ajiye. Ya sa mutumin ya hau mota ya zauna, ya ce ya taka ambirayaji, wato kuloci, har ƙasa. Da ya taka, sai ƙugunsa ya zame gaba, bayansa ya rabu da majingina.

"Ka gani?" in ji Maigida. "Bayanai lahiya lau. Ƙahwa tai ce ba ta kaiwa. Kullum miƙa yake yi kamar mai tsinko mangwaro."

Aka matso da kujerar gaba da yatsa uku, aka huda sababbin ramukan ƙusa, ko soso ba a taɓa ba. Bayan sati biyu mutumin ya aiko mana da dabino.

Daga ranar na koyi abin da nake yi wa kowane direba. Ya hau ya zauna a cikin motarsa, ba a benci ba. Ya taka ambirayaji, kana tsaye a bakin ƙofa idonka a kan ƙugunsa. Sai ka cusa tafin hannunka ƙarƙashin cinyarsa, kusa da gwiwa. In hannun ya ƙi shiga, bakin kujera ya yi tudu, zai danne jijiya, kafin awa biyu ƙafa ta mutu. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a samu wurin yatsa huɗu. Diddige ya zauna a ƙasa daram. Bayan nan sai tambayoyin da ba su da daɗin yi: wace ƙafa ke fara mutuwa, yana fama da basur ko a'a, yana ɗaura guru a ƙugu, don in yana ɗaurawa sai an rarake masa wuri a majingina. Maigida ba ya jin nauyin kowa wajen wannan. Na ga ya tura hannu ƙarƙashin cinyar alhajin da ke da motoci biyar, yana ce masa, "Saki jiki, Alhaji, ba sata zan yi ba."

Kuma ku sani, laushi ba shi ne daɗi ba. Soso mai laushi na kujerar falo ne. A hanyar Assamakka, garin bakin iyaka, inda babu gudron, wato kwalta, gargada ce da yashi tun daga fita gari, mutum nutsewa yake yi a cikinsa, gaban kujerar ya taso masa a cinya. Mai tauri ake sawa a ƙasa, mai laushi ɗan siriri a sama, a zaftare baki ya gangara. Duk wannan na san shi kamar sunana, na yi shekara goma sha biyar ina yi, har Maigida ya koma gida ya bar mini shago. Ba rashin sani ya sa na yi abin da na yi ba.

Shekarar ta zo da wuya. Aiki ya yi sanyi a kamfanin ma'adini, aka rage mutane, motocin da ke kawo mana aiki suka tsaya a garaji tayoyinsu na sacewa. Sai in yini ban zare zare ba. Cikin waɗanda aka sallama har da surukina, mahaifin maiɗakina. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Baba nake ce masa, mutanen gari na ce masa Alhaji. Maiɗakina ita ce ƴarsa ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya nakan tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Ko sunana ba ya kira, Malam yake ce mini.

Da abin da aka sallame shi da shi ya sayi wata tsohuwar babbar mota, ya shiga ɗaukar kayan ƴan kasuwa zuwa Assamakka. Ya haura shekara sittin a lokacin, kuma bakuna goma sha ɗaya ne a gidansa. Motar nan ita ce abincinsu.

Wata safiya sai ga kujerar motar an kawo mini a kura, an kwance ta daga kabin. Risor, wato murɗaɗɗun wayoyin cikinta, a waje, soso ya zama gari. Saƙon da ya biyo ta shi ne, Alhaji ya ce a duba in da hali. Kuskurena na farko ke nan, na karɓi kujera babu mota, babu mai zama. Garajin da motar take bai kai tafiyar minti goma ba. Na tashi zan tafi, har na sa mitir a aljihu, sai na tuna abin da zan je in yi: in ce wa Baba ya hau ya zauna, in tsaya ina kallon ƙugunsa, in sa hannuna ƙarƙashin cinyarsa, in tambaye shi ko yana da basur. Na koma na zauna.

Sai na auna da jikina. Ni dogo ne. Baba gajere ne, kuma gajartarsa a ƙafa take. Na san haka, amma na ce a raina ai kujerar suruki ba a yi mata ƙwauro. Na ɗauko soso mafi kyau da nake da shi, mai laushin nan, na ninka biyu. Na naɗe bakin ya yi tudu kamar kujerar manya a wurin taro. Na sa koriyar fata, na yi mata ɗinki layi-layi. Duk wanda ya shigo shago sai ya yaba. Na kai ta garaji daidai lokacin da na san yana masallaci, na ɗaure ta a tsofaffin ramukan.

Ina haɗa kaya ya dawo. Na durƙusa. Ya hau, ya zauna.

"Madalla, Malam. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba."

Kaina a ƙasa yake, amma ƙofar kabin a buɗe take, kuma idon mai sana'a ba ya jin magana. Na ga ƙafarsa. Diddigensa bai taɓa ƙasa ba, da kan yatsu yake tsaye a kan birki. Na gani sarai. Na ɗauki jakata na yi sallama.

Bayan tafiyarsa ta biyu, maiɗakina ta dawo daga gidansu ta ce Inna, mahaifiyarta, tana neman man zafi, Baba na fama da ƙafar dama. Na sayi man na aika. Na ce a raina tsufa ne. A masallacin Juma'a na hango shi yana jan ƙafar. Na kawar da kai.

Gumur ne ya faɗa mini a fuska. Direba ne, mutumin Abzin, abokina tun zamanin Maigida, kuma hanya ɗaya suke bi da Baba. Ya shigo shago ya zauna a kan sosona ba tare da an ce ya zauna ba.

"Tafisiye, gado ka yi wa surukinka ko kujera?"

"Me ya faru?"

"Kowane awa mota ya tsaya. Alhaji ya sauka, wai yana duba taya. Taya lafiya lau. Ƙafanshi yake bugawa a ƙasa, ya mutu. Jiya na ga ya sauko, ƙafan ya lanƙwashe, sai da ya kama ƙofa. Ni ka matse mini cinya kamar mai sayen rago, shi ka bar shi?"

"Surukina ne, Gumur."

"To ƙafan suruki ba ya mutuwa?"

Da na koma gida na ce wa maiɗakina ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, in akwai abin da ke damunsa a kujerar a dawo da ita in gyara. Kwana biyu amsa ta biyo ta hanyar da ta tafi. Baba ya ce kujera lafiya lau, bai taɓa zama kan irinta ba, a yi wa Malam godiya. Shi ma kunyar ce. Ba zai aika wa mijin ƴarsa cewa aikinsa bai yi ba.

Sai na yanke wata shawara ta matsorata. Na ce ranar Juma'a, in ya tafi masallaci, zan je garaji da wuƙata in farke fatar, in zare soso ɗaya, in zaftare bakin, in mayar da ɗinki yadda ba zai gane ba. Ranar Talata na yanke shawarar. Da na tafi a ranar, ko da yana tsaye a wurin, aikin rabin awa ne. Na tsaya jiran Juma'a. Ranar Alhamis da safe ya samu lodi, ya tafi tare da mai kayan, wani ɗan kasuwa mutumin Maradi.

Bazara ce, irin wadda ƙarfen mota ba ya taɓuwa da rana. A lokacin babu waya a aljihun kowa. In mota ta fita gari, labarinta sai a bakin wanda ya dawo. A ƙa'ida Baba zai isa Alhamis da yamma, ya sauke Juma'a, Asabar ya shigo gida. Asabar ta wuce. Na rufe shago na koma tasha. Duk motar da ta shigo daga arewa sai in tare ta tun ba ta tsaya ba.

"Kun ga Alhaji, mai tsohuwar motar nan shuɗiya?"

Wani ya ce ya ga ya fita Alhamis. Wani ya ce bai gan shi a Assamakka ba. Wani ya ce wataƙila yana can yana jiran kayan dawowa. Hanyar nan ba layi ɗaya ba ce, fili ne, kowa na bin sawun da ya ga ya fi masa tauri. Motoci biyu za su iya wuce juna ba wanda ya hango wani. Ina tsaye ina lissafin ruwa, bido nawa, wato jarka nawa, na ga an ɗaure a gefen motar, ina raba shi ga mutum biyu da kwana uku. Da na koma gida maiɗakina ta dubi fuskata ta ajiye mini ruwa. Ita ba ta san abin da na gani a ƙofar kabin ba.

Lahadi da hantsi Gumur ya shigo daga Assamakka. Kafin ya kashe mota na kama ƙofarsa.

"Bai iso can ba," in ji shi. "Na tambaya ko'ina. Hau."

Ko shayi bai sha ba. Muka cika bido huɗu, ya ari wata ƙaramar mota, muka fita. Ya ce Alhaji na son bin gefen gabas, inda ƙasa ke da tsakuwa. Muka bi nan. Awa uku ina riƙe da ƙarfen gaban mota, duk duhun da na hango a nesa sai in ce ga su, sai ya zama tsohuwar taya ko dutse. Gumur bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, wannan ya fi tsorata ni.

Bayan azahar muka hango ta. Ta dungura da hanci cikin wani kwari, tayar gaba ɗaya ta kwanta a gefe. Sun ɗaura tampol a jikin motar. Mai kayan ya fito yana ɗaga rawaninsa, leɓɓansa sun tsage. Baba na kwance a inuwa, ƙafarsa ta dama an naɗe ta da zanen buhu, ta kumbura har ba a gane idon sawu. Ruwan da ya rage musu bai cika buta ba. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba.

"Sannu, Baba."

"Malam, har da kai? An wahalar da ku."

Mai kayan ne ya ba mu labari yana shan ruwa. Sun zo gangaren kwarin, Alhaji ya taka birki, birki ya ƙi sauka. Ya taka da iyakar ƙarfinsa, motar ta ci gaba da tafiya har ta faɗa. Ba gudu suke yi ba, shi ya sa suka rayu, amma ƙafar da ke kan birki ita ta ɗauki bugun.

Na hau kabin. Koriyar kujerata na nan, ko ƙwarzane babu. Na leƙa ƙasa. A ƙarƙashin birki na ga guntun katako ya shige ya cije. Sai da na sa ƙarfe na zaro shi. Baba ne ya samo shi ya ajiye a ƙasan kabin, yana ɗora diddige a kai, don cinyarsa ta ɗan ɗago daga tudun da na yi masa. Gargadar hanya ta yi ta tura shi gaba kaɗan-kaɗan har ya shige inda ya shige. Shi ne katakon da ke bangona.

Muka ɗauko su. Aka yi wa Baba ɗori, aka kai shi likita, aka sake ɗori. Wata huɗu yana kwance. Motar aka jawo ta, aka gyara, aka ba wani direba yana yi musu aiki a raba, abin da ke shigowa gidan ya ragu da rabi. Ba wanda ya ɗora mini laifi. Gumur kaɗai ya san katakon yana jakata.

Da ya fara takawa da sanda, wata safiya na kwance kujerar daga motar, na sa wa direban wata. Na ɗora ta a kura, na ɗauki mitir da wuƙa da alli, na nufi gidan. Yana zaune a tabarma a zaure. Na ajiye kujerar a gabansa, na ajiye katakon a gefenta. Ya dube shi, ya dube ni. A karon farko tun da na auri ƴarsa ban sunkuyar da kai ba.

"Baba, ni na karya ƙafar nan. Ranar da ka hau, na ga diddigenka bai kai ƙasa ba, na yi shiru."

Ya ɗauki katakon, ya juya shi a hannu.

"Ni ma na ji bai kai ba, Malam. Na yi shiru."

"Ina so ka hau ka zauna. Zan taɓa ƙafarka."

Inna na bayan labule, na ji ta ja salati. Baba ya yi ƴar dariya.

"Taɓa mana. Mai ɗori ya taɓa, likita ya taɓa, har matan unguwa sun taɓa. Kai kaɗai ka rage a garin nan."

Na ɗora kujerar a kan bulo daidai tsayinta a mota, na kama shi ya hau. Na cusa hannuna ƙarƙashin cinyarsa, ya ƙi shiga, ko yatsa ɗaya. Na auna daga diddige zuwa bayan gwiwa, na auna daga gwiwa zuwa ƙugu, na rubuta a jikin bango da alli. Na yi masa tambayoyin Maigida duka, har wadda ta fi nauyi, ya amsa yana kallon ƙofa. A nan zauren na farke koriyar fatar, na zare soson da na ninka, na zaftare bakin, na ɗinke da basilla. Ban kai awa ɗaya ba. Ya sake hawa. Hannuna ya shige ƙarƙashin cinyar sumul, yatsa huɗu suka samu wuri a bayan gwiwa, diddigensa ya zauna a ƙasa.

Ya jingina, ya kama sitiyarin da babu, ya ɗaga ƙafar dama zai taka birki. Idon sawun ya ƙi lanƙwasawa. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe, ya mayar da ita ƙasa a hankali.

"Yanzu ta yi, Malam," in ji shi. "Bar mini ita a nan zaure."

Bai sake tuƙi ba. A kan kujerar yake zama yana karɓar gaisuwa, shekara tara, har Allah ya karɓi ransa.

Watan jiya wani dattijo mai motocin ɗaukar kaya ya turo mini kujera a kura, da saƙon cewa shi ba ya da lokacin zuwa, a sa soso mai kyau kawai. Aiki ya yi ƙaranci a garin nan yanzu, kowa ya sani, kuma kwana shida ke nan ban ɗinka komai ba. Na dubi bango. Na ce wa mai kurar ya juya da ita, ya gaya wa dattijon ya zo da motarsa da ƙafarsa.